Shin motsin jiki zai iya cajin na'urar bugun zuciya?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya a kan mahaifinta. Shekara tara ke nan da aka sa masa na'urar daidaita bugun zuciya, wadda mutanenmu suka fi sani da batirin zuciya, kuma a zuwansu asibiti na baya-bayan nan an shaida musu cewa batirin ya kusa ƙarewa, su fara shirin canji. Ta ce ta ji labarin masana sun ƙera wata mai cajin kanta da motsin jiki, wadda ba a canza ta har abada. Shi ne take son sanin ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne, ko gara su ɗan jinkirta su nemi irinta, Baba ya huta da wuƙar likita gaba ɗaya.

Malama, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan kulawa. Zan fara da abin da ya fi gaggawa. Kada ku ɗaga ranar da aka ba ku ko da mako guda saboda wannan labari. Binciken gaskiya ne, kuma manyan masana ne ke yin sa, amma gwajin da ake ta yaɗawa a jikin aladu, karnuka da tumaki aka yi shi. Babu irin wannan na'ura da hukumomin lafiya suka amince a riƙa sa wa marasa lafiya, ko a Kano kuke ko Alƙahira ko Landan. Jiran ta sakin reshe ne a kama ganye.

Amma tambayarki ta cancanci cikakken bayani, don tunanin da ke bayanta shi ne ainihin tunanin da ya hana injiniyoyi barci shekara da shekaru.

Na'urar da ke ƙirjin Baba ba ta tura jini. Zuciyarsa ce ke wannan aiki da ƙarfinta. Abin da na'urar ke yi sauraro ne: tana jiran bugu, in ya zo a kan lokaci ta yi shiru, in ya makara ta aika ɗan tartsatsin lantarki ta cikin waya zuwa naman zuciya, shi kuma ya matse. Wannan tartsatsi ƙarami ne ƙwarai. Ƙarfinsa galibi bolt 2 zuwa 2.5, tsawonsa bai kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. In aka haɗa shi da wutar da 'yar kwamfutar ciki ke sha wajen sauraro da ajiye bayanai, abin bai cika wuce maikirowat 10 zuwa 30 ba. Maikirowat ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na wat. Ƙwan fitila mai wat 10 da ke ɗakinki ya isa ya ciyar da irin waɗannan na'urori dubu ɗari uku, har da saura.

To ita kanta zuciyar fa? Ko mutum yana kwance, aikin da take yi wajen tura jini ya kai kimanin wat ɗaya, tana bugawa sau dubu ɗari ko fiye a yini. Ke nan na'urar tana zaune a jikin injin da ke fitar da ninkin abin da take bukata sau dubun dubata, ita kuma tana dogaro da ɗan batirin da zai ƙare. Duk injiniyan da ya yi wannan lissafi sai ya ji abin ya tsaya masa a rai. Cokali ɗaya ake nema daga kogi.

Kuma damuwar batiri ta girme mu. Ranar 8 ga Oktoba 1958, a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin, likita Åke Senning ya dasa wa wani mutum mai suna Arne Larsson na'ura ta farko da aka taɓa binnewa a jikin ɗan Adam, wadda Rune Elmqvist ya haɗa. Sa'o'i kaɗan ta yi ta tsaya, aka sa wata. Larsson ya rayu har 2001, yana da shekara 86, bayan an canza masa na'ura sama da ashirin, kuma ya riski rasuwar likitan da injiniyan duka. Batiran shekarun 1960 ba su cika wuce shekara biyu ba. An gwada na nukiliya mai fulutoniyam, aka fara dasa shi a Faris a 1970, wanda wutarsa kan yi shekaru gommai, amma tsoron gubarsa da wahalar karɓo shi bayan mai shi ya rasu suka sa aka watsar. A 1973 an fito da mai caji a Amurka, inda majiyyaci zai ɗora wani abu a ƙirjinsa kamar na awa ɗaya duk mako. Wannan ma bai daɗe ba, kuma dalilin faɗuwarsa abin lura ne: ya ɗora rayuwar tsoho a kan kada ya manta. Batirin litiyam da aidin, wanda Wilson Greatbatch ya yaɗa aka fara dasa shi a 1972, shi ya kore su duka, don yana shekaru ba ruwansa da kowa, kuma in zai ƙare a hankali yake sauka, ana gani ana lissafi. Jikokinsa ne ke ƙirjin Baba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba a canza batirin shi kaɗai. A like yake cikin gwangwanin taitaniyam tare da kwamfutar, don kada ruwan jiki ya shiga. Na sha tsayawa da na'urar awo a ɗakin da ake wannan aiki. Ana kashe wurin da allura, mutum idonsa biyu, a bi tsohon tabon da ke ƙasan ƙashin wuya a buɗe. Sai ki ga jiki ya yi wa na'urar wata farar riga mai santsi da tauri, kamar tantanin da ke lulluɓe ƙoda. A tsaga ta, a zaro gwangwanin, a kwance ɗan sukurun da ya riƙe waya, a auna wayar, a cusa ta cikin sabuwa. Ga wanda zuciyarsa ba ta iya bugawa ko kaɗan sai da taimako, waɗannan daƙiƙu da waya ke hannun likita su ne lokacin da ɗakin kan yi tsit, idon kowa a kan allo. Aikin ba ya cika kaiwa awa ɗaya, kuma yawanci lafiya ake tashi. Sai dai kowane buɗewa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma haɗarin shigarsu ya fi yawa a canji fiye da dashen farko. Wani babban nazari da aka buga a Amurka a 2010 ya samu cewa kimanin mutum 4 cikin 100 sun gamu da babbar matsala bayan canji na kawai, adadin kuma ya haura 15 cikin 100 in sai an ƙara sabuwar waya. A ƙidayar duniya ta 2009, cikin na'urori kimanin miliyan ɗaya da aka dasa, sama da rubu'i canji ne. Saboda haka neman hanyar rage wannan aiki ba kwalliya ba ce.

Hanyoyi uku aka fi bi wajen ɗibar wuta daga motsin jiki, kuma dukansu kin san su a rayuwar yau da kullum.

Ta farko ita ce dabarar agogon hannu mai cin kansa, irin Seiko ɗin da iyayenmu ke ɗaurawa, wanda in an girgiza shi za a ji wani nauyi yana juyawa a ciki. Masana a Jami'ar Bern ta Suwizalan, ƙasar maƙeran agogo, suka cire hannuwa da fuskar agogo, suka bar wannan nauyi mai juyawa da ɗan janareto, suka ɗinke shi a bangon zuciya ta waje. A jikin tunkiya sun samu maikirowat 16.7 a bugu 90 cikin minti. A 2014 Adrian Zurbuchen ya gabatar da gwajin alade mai kilo 60 a taron likitocin zuciya na Turai a Basalona, inda suka samu maikirowat 52 a bugu 130. Wannan wuta ta isa.

Ta biyu ita ce lantarkin matsa, wanda 'yan'uwa biyu Pierre da Jacques Curie suka gano a 1880: akwai duwatsun da in an matsa su ko an lanƙwasa su sai su fitar da lantarki. Shi ne ke ba da ƙyas ɗin abin kunna gas. A 2014 Canan Dagdeviren da John Rogers na Jami'ar Illinois suka yi shi siriri kamar leda, suka ɗinka a zuciya da huhu da tantanin da ya raba ƙirji da ciki na shanu, tumaki da aladu, ya riƙa lanƙwashewa da kowane bugu da kowane numfashi. Sinadarin da ya fi ba da wuta a wannan fanni yana ɗauke da dalma, kuma wanda ya tuna yaran Zamfara na 2010 ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ya sa dole a rufe shi ruf. Wasu masana a Kwalejin Dartmouth sun zaɓi wata roba marar dalma, suka naɗa ta a jikin wayar da ke shiga zuciya, tunda ita ma tana rawa da kowane bugu.

Ta uku ita ce lantarkin gogayya. Shi ne wanda ke sa biro ya ɗauki guntun takarda in an goga shi a gashi, shi ne kuma ƙaf-ƙaf ɗin da ake ji da tartsatsin da ake gani in ana cire riga da dare a lokacin hunturu. Zhong Lin Wang da ɗalibansa suka mai da wannan ɗan janareto a 2012. A 2019 ƙungiyar Zhou Li a Bejin ta sa irinsa tsakanin zuciyar alade da tantanin da ya lulluɓe ta, suka tara wutar, suka gyara bugun zuciyar aladen da ita. A 2021 kuma ƙungiyar Sang-Woo Kim ta Koriya ta Kudu ta fito da wanda ya fi kusa da labarin da kika ji: girmansa kamar batiri mai siffar kwabo, a rufe ruf, a cikinsa akwai wasu faifai da ke hawa da sauka duk lokacin da jiki ya motsa, ba sai ya taɓa zuciya ba. Sun ba da rahoton maikirowat 4.9 a kowane santimita kubik na girmansa, suka gwada shi a jikin babbar dabba yana cajin ƙaramin batiri.

Duk wannan aiki ne mai kyau, ina kuma girmama masu yin sa. Amma ga inda gizo ke saƙa.

Ɗauki gwajin Bejin na 2019. Abin da suka samu a kowane bugu maikirojul 0.495 ne (jul ma'aunin adadin wuta ne, maikirojul kuma kashi ɗaya cikin miliyan nasa), suka kwatanta shi da 0.377, wato mafi ƙarancin abin da zai iya tayar da naman zuciya. A takarda an ci riba. Amma babu likitan da ke saita na'ura a kan mafi ƙaranci. Ana ninka ƙarfin ne don a bar rata, saboda bukatar zuciya tana canzawa da magani, da gishirin jini, da tsufan waya. Sannan kwamfutar ciki tana da nata cin. In kika lissafa rabin maikirojul sau 70 ko 80 a minti, bai kai maikirowat ɗaya ba. Da sauran rina a kaba.

Wanda ya ba da wuta isasshiya kuma, irin na agogon Bern, sai an buɗe ƙirji kafin a ɗinka shi a zuciya. Wa zai yarda a yi wa tsoho babbar tiyata don a kauce wa ƙaramin aiki na ƙasa da awa ɗaya sau ɗaya a shekara goma? Ga shi kuma an rataya wa zuciya mai rauni ƙarin kaya tana jijjigawa dare da rana.

Sai maganar juriya, wadda a ganina ita ce babba. Zuciya mai bugu 70 a minti tana bugawa kusan sau miliyan 37 a shekara. A shekara goma an doshi miliyan 370, a shekara talatin an wuce biliyan. Kin san yadda ake karya waya in babu almakashi: a yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Duk abin da zai ɗebi wuta daga motsi dole shi ma ya motsa, cikin ruwan gishiri mai ɗumi, ba mai, ba bakanike, ba hutu. Batirin yanzu babu abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa aka yarda da shi. Yawancin gwaje-gwajen dabbobin nan na sa'o'i ne ko makonni. Kuma farar rigar nan da na ce jiki na yi wa duk baƙon abu, in ta kama abin da aka sa don ya lanƙwashe, sai ta ɗaure shi, wutarsa ta riƙa raguwa wata bayan wata.

Akwai kuma wani abu da ya shafi mutane irin su Baba kai tsaye. Masu bukatar wannan na'ura yawancinsu tsofaffi ne. Wanda ke cajin kansa da tafiya zai yi kyau ga mai zuwa gona ko kasuwa, amma ranar da zazzaɓi ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mutum wata biyu fa? Lokacin da ya fi bukatar na'urar shi ne lokacin da caji zai tsaya. Mai ɗibar wuta daga bugun zuciya shi ma haka: in zuciyar ta yi jinkiri ko ta tsaya, janareton ya tsaya tare da ita, alhali don wannan daƙiƙar aka sa shi. Don haka dole a samu rumbun ajiya, ko kafasita ko batiri mai caji. Batiri mai caji kuwa, duk mai riƙe da wayar hannu ya san yana tsufa. An rage matsalar batiri, ba a rabu da ita ba.

Ga masu ɗauke da babbar yayar na'urar Baba, wato na'urar da ke girgiza zuciya in bugunta ya haukace, lissafin ya fi nisa. Girgiza ɗaya tana cin jul 35 ko kusa da haka. Janareto mai maikirowat 10 sai ya yi kwana 40 yana tarawa kafin ya haɗa guda ɗaya.

To ina nake ganin abin zai fara amfani? A wurare biyu.

Na farko ƙananan na'urori marasa waya, irin Micra da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2016. Girmanta kamar babban ƙwanson magani, nauyinta bai wuce giram biyu ba, ana bi da ita ta jijiyar cinya a maƙala ta cikin ɗakin zuciya na ƙasa ta dama. Cin wutarta 'yan maikirowat ne kawai, tana zaune a wurin da ya fi ko'ina motsi a jiki, kuma ita ce canjinta ya fi wuya, don bayan shekaru nama kan lulluɓe ta, sau da yawa sai dai a kashe ta a bar ta a ciki a dasa wata a gefenta. Zuciya kuwa ba ta da wurin tara su da yawa. A nan ko ɗan ƙari yana da daraja. A 2023 Babak Nazer na Jami'ar Washington ya gabatar da samfurin da aka gwada a injin kwaikwayon zuciya, wanda ya maido kimanin kashi 10 cikin 100 na wutar da bugu na gaba ke bukata. Ya faɗi adadin yadda yake bai ƙara gishiri ba, kuma irin wannan magana ta fi kwantar mini da hankali a kan kanun labarai masu cewa an gama da batiri. A farkon 2024 masanan Bejin suka buga gwajin wata marar waya mai cajin kanta da gogayya, suka bibiyi aladen mako uku. Mako uku mataki ne na gaske, amma majiyyaci shekara goma sha yake nema.

Na biyu yara. Jaririn da aka haifa da toshewar hanyar lantarkin zuciya zai iya shan canji bakwai ko takwas a rayuwarsa. In aka mai da shekara goma ta zama ashirin, an cire masa rabin waɗannan ayyuka. Shi ya sa nake ganin abin da zai fara fitowa batiri ne mai ɗan mataimaki a gefensa, wanda in mataimakin ya lalace batirin zai ci gaba, likita kuma ya gani a awo ya san sauran lokaci.

Ba motsi kaɗai ake hange ba. A Bern ɗin dai sun gwada ɗan faifan sola da za a sa ƙarƙashin fata, inda mutum 32 suka ɗaura abin awo a hannu tsawon wata shida, mai tace haske kamar yadda fata ke yi, aka samu matsakaicin maikirowat 67. Sai dai fatar Bature aka kwaikwaya, kuma ƙirjin dattijo a wajenmu yana ƙarƙashin riga da babbar riga.

Akwai abin da ke ci mini rai duk lokacin da ake wannan zance. A Jamus an dasa sababbin na'urori sama da 900 ga kowane mutum miliyan a shekarar 2009. Ƙidayar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Afirka ta buga a 2018 ta nuna matsakaicin ƙasashen nahiyar bai kai uku ba ga miliyan. Mutanenmu da yawa suna ta suma ana cewa hawan jini ne ko iska, har su tafi ba a taɓa yi musu awon lantarkin zuciya ba, wasu kuma an gano amma kuɗin ya gagara. Ga irin waɗannan, aikin da ya fi kusa da taimaka musu shi ne na Jami'ar Michigan, masu karɓar na'urorin da aka ciro da sauran batiri mai yawa, su wanke, su kashe ƙwayoyin cuta, su auna, su tura kyauta. A 2024 sun gabatar da gwajin mutum kusan 300 a ƙasashe bakwai, har da Najeriya, inda a cikin kwana 90 na farko ba a ga masu gyararriyar sun fi masu sabuwa kamuwa da cuta ba. Na'ura mai cajin kanta in ta fito da tsada za ta fito, kuma za ta daɗe kafin ta iso mu. Amma ranar da ta yi araha, wanda zai fi kowa cin moriyarta shi ne manomin da ya sayar da gona aka sa masa ta farko, ba shi da wata gonar da zai sayar don ta biyu.

Mu koma kan Baba. Na'urar tana da alamar da take nunawa a awo in lokacin canji ya yi, kuma daga nan galibi wata uku ne ake da tabbacin za ta yi aiki yadda ya kamata. Ki tambayi likitansa ko ta riga ta nuna wannan alama, da ranar da ta nuna. Ki tambaya ko Baba na cikin waɗanda zuciyarsu ta dogara da ita gaba ɗaya, don in haka ne ba a wasa da kwana ɗaya. Ki tambaya ko wayoyin suna da lafiya ko sai an ƙara sabuwa, saboda hakan yana canza girman aikin da kuɗinsa. In yana shan maganin tsinka jini ko yana da ciwon suga, a faɗa tun wuri, kuma kada ya daina wani magani da kansa. Bayan an sa sabuwar, ku nemi a duba ko za a iya rage ƙarfin tartsatsin zuwa iyakar da ba haɗari, don wannan saitin kaɗai yakan ƙara wa batiri shekaru.

Kafin ranar aikin, in kika ga jiri, ko suma, ko numfashi sama-sama, ko kika taɓa hannunsa kika ji bugun ya yi ƙasa da yadda aka saba, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, kuma ku riƙe katin na'urar a hannu.